Rabin Awa a Ƙafa, Umarnin Likita

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyarwa a makarantar firamare a Minna, goman ƙarshe ina shugabar makaranta. Duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa kwantar da ni a asibiti ba sai don haihuwa. Da na yi ritaya na samu wata kujera mai taushi na ajiye a gindin mangwaron gidanmu a Barkin Sale, na zauna. Zaman da na yi kenan na kusan shekara uku. Daga kujera sai tabarmar sallah, daga nan sai kicin, in dawo kujera. In za ni biki ko ta'aziyya, keken haya mai ƙafa uku ke zuwa har ƙofar gida ya ɗauke ni. Jiki ya yi ta buɗewa, ni kuma ina ta kai wa tela riguna ya ƙara musu faɗi, ina ce masa yadin zamanin nan ne ke tsukewa in an wanke.

Wata Laraba da yamma hadari ya haɗo, na tashi kwashe shanya. Na ɗan yi sauri kaɗan, sai na ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji. Nauyin ya bi kafaɗata ta hagu ya hau har muƙamuƙi, gumi ya karyo mini. Na zauna a bakin rijiya da zanin gado a hannu, ruwan ya sauko ya same ni a nan. Maigidana tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum ne da ko gobara ake yi sai ya tsaya ya gyara zaman hularsa. Amma ran nan na ga ya yi gudu, ba hula, ba takalmi.

Kwana huɗu na yi a asibiti, Allah ya taƙaita. Ranar da za a sallame ni aka kai ni wurin likitar zuciya, wata siririya mai tabarau. Ta dubi katina, ta ɗago ta dube ni, sai ta miƙe ta rusuna har ƙasa.

"Malama, ba ki gane ni ba?"

Na ce, "'Yar nan, yaran da suka bi ta hannuna ba su ƙirguwa."

"Ni ce wadda kike sa wa zagaya fili sau biyar saboda makara."

Nan take na tuna ta. Gidansu can wajen Chanchaga yake, kullum sai an watse daga taron safe take isowa, jaka na jan ƙasa. Na ce mata, "To ai ga shi ya yi amfani."

Ta yi dariya ta zauna, ta jawo takarda ta zana mini wani abu kamar tiyo. Ta ce, "Malama, wannan ita ce jijiyar da ke kai wa zuciyarki jini. Maiƙo ya daɗe yana kwanciya a cikin bangonta. Amma ba maiƙon kaɗai ke ɓarnar ba. A cikin jini akwai ƙwayoyin da aikinsu tsaron jiki ne, su ke yaƙar cuta. Da suka ga maiƙon nan sai suka ɗauke shi abokin gaba, suka yi masa caa. Suna faɗa, suna aika saƙo ta cikin jini a turo musu ƙari. Faɗan kuma ba ya ƙarewa, sai wurin ya zama kamar gyambo, ya kumbura, ya yi laushi. Ran da ya fashe, jini ya daskare a kai, hanya ta toshe. Abin da ya so ya faru da ke kenan. Gwajin jininki ya nuna akwai kumburi."

Na ɗaga zani na duba ƙafafuna. Na ce, "Ni ban ga kumburi ba."

"Na ciki ne, ba a ganinsa da ido. Magani za ki sha kullum, ba fashi. Amma akwai wanda ba a samu a kemis, shi ne tafiya. In naman ƙafa yana aiki, yana sakin wasu sinadarai cikin jini. Su ma saƙo ne, amma na a sassauta. Shi kuwa kitsen ciki," ta dubi cikina ta kau da kai da ladabi, "zuga masu tsaron nan yake yi. In ya ragu, zugar ta ragu."

Na ce, "Wato dai zagaya fili za ki sa ni."

"Wallahi ba ramuwa ba ce, Malama." Amma na ga tana cije leɓe.

Ta ce in fara da minti goma, in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kai rabin awa. In yi tafiyar da zan iya magana a cikinta amma ba zan iya rera waƙa ba. In kuma na ji ƙirji ya ɗaure, in tsaya nan take, in sa wata ƙaramar ƙwaya da ta ba ni a ƙarƙashin harshe.

Ban yi niyyar fita waje ba. Mace mai shekaruna, wadda rabin unguwa ke ce wa Malama, ta kama yawo ba dalili? Sai na ce a tsakar gida zan yi. To tsakar gidan namu taku ashirin ne, kuma tun da maigidana ya yi ritaya yake kiwon agwagi. Ina fara zagayawa suka ɗauka abinci na kawo, suka jeru a bayana, babban a gaba, sauran na biye, kowa na kaɗa gindi. In na tsaya su tsaya, in na tafi su tafi. Maigidana yana kan tabarma da rediyonsa, ya rage murya ya koma kallo. Duk zagayen da na yi sai ya ambaci sunan tashar jirgi, wai yana lissafa mini nisa. Ban kai tasha ta shida ba jiri ya ɗebe ni.

Kwana na uku ina cikin haka maƙwabciyata ta shigo. Banufiya ce 'yar Bida, busasshen kifi take sayarwa, mun fi shekara ashirin katanga ɗaya. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Ta tsaya ta ga ina zagaye kaina a sunkuye don kada in taka kashin agwagi.

"Malama, me ka ɓatar? Ɗan kunne ne ya faɗi?"

Kafin in ba ta amsa ta ajiye tirenta, ta duƙa ta shiga nema. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa likita ce ta sa ni saboda kumburi. Jin kalmar kumburi sai ta zaunar da ni a kujera, ta kama ƙafata tana dannawa da babban yatsa kamar mai zaɓen doya.

"Babu kumburi a nan. Wannan likita yaro ne, bai sani ba."

Na ce, "A cikin jijiya yake."

"To ta ina ya shiga ya gani?"

Da yamma ta aiko da man zafi da tulun dafaffen ganye. Man zafin na ba maigidana don gwiwarsa, ganyen kuma na yi mata godiya na ce likita ta hana ni haɗa magani.

Da na ga tsakar gida ba za ta yi ba, sai na haƙura na ce titi. 'Yata ta aiko mini da takalmin kambas fari tas. Bayan an idar da sallar asuba gari ya ɗan yi haske, na zura dogon hijabi, farin takalmi na leƙowa ta ƙasa, na yi bismillah na fita.

Ban wuce falwayar wuta ta biyu ba wani keke ya ci burki a gefena. Direban wani mai gemu ne, da furfura ma a ciki.

"Malama! Ina kwana? Shigo in kai ki."

Tsohon ɗalibina ne, na koya masa lissafi a aji huɗu, bai koyu ba. Na ce, "Allah ya yi albarka, tafiya nake yi."

"Ina za ki?"

"Ba ko'ina."

Ya dubi takalmin, ya dubi fuskata. Sai ya sassauta murya ya ce, "Malama, kyauta ne fa. Ina raye ba za ki taka ƙasa ba."

Na ci gaba da tafiya, shi kuma ya riƙa bina a hankali, taya na gangarawa daidai da takuna. Akwai mata biyu a bayan keken da kwandunan tumatir, za su kasuwa. Ɗaya ta fara tsaki, ɗayar ta ce, "Mama, don Allah ki shigo mana, rana na yi." Kunyarsu ta sa na shiga. Ya juya da mu duka ya kawo ni har ƙofar gida, ya sauko ya riƙe mini hannu. Tafiyar ran nan minti huɗu ce.

Washegari ɗan acaɓa ne. Rana ta uku keke biyu suka tsaya a tare har suna gardamar wanda ya riga. Sai a lokacin na gane yawan yaran da na koyar da suka kama sana'ar tuƙi, kuma duk cikinsu ba wanda ya yarda cewa mutum zai fito da ƙafarsa ba inda za shi. Na ce wa ɗaya daga cikinsu magani ne, ya ce, "To in kai ki inda ake sayar da shi."

Ba a yi sati ba magana ta zaga unguwa. Maƙwabciyata ce ta kawo mini ita da ɗuminta. Wai an ce ni da maigidana ba ma ga maciji, kullum da asuba nake yin yaji, sai yara su tare ni a hanya su dawo da ni. Na yi dariya na ɗauka ta ƙare a nan. Ashe bayan la'asar dattawa biyu daga masallacin layinmu sun ja maigidana gefe. Ya shigo gida fuska a murtuke, ya zauna ya cire hula.

"Hajiya, yau an yi mini wa'azi a kanki."

"Na me?"

"Wai in ji tsoron Allah. Wai zaman shekara arba'in ba abin wasa ba ne, in riƙa binki a hankali."

"Me ka ce musu?"

"Na ce ciwon zuciya ne. Sai suka ce ai dama, wa ya sa miki?"

Na yi dariya har sai da na dafe ƙirji, shi kuma ya tsorata ya tashi neman ƙwayar ƙarƙashin harshe.

Mafita ta zo ta inda ban zata ba. Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono kullum da hantsi. Rugarsu na can wajen Tagwai, mota ke sauke ta a bakin titi, sauran kuma gida-gida take bi a ƙafa da ƙwarya a ka. Sa'ata ce ko ma ta ɗan girme ni, amma ba ta da kitse ko na miya. Wata rana tana auna mini nono na tambaye ta ta ina take bi, don ban taɓa ganinta a kan kwalta ba. Ta ce ta lungu, inda keke ba ya shiga. Na ce ko za ta bari in riƙa binta. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Hajiya, nono za ki koyi sayarwa?"

Na yi mata bayanin likita, da masu tsaron jiki, da saƙon da naman ƙafa ke aikawa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wato ku mutanen gari sai an rubuta muku a takarda kafin ku yi tafiya?"

Muka fara. Ta riƙa zuwa gidanmu da wuri, in bi ta. Ba wanda ya ƙara tare ni, don a lungu ba keke, kuma duk wanda ya gan mu tare sai ya ɗauka rakiya nake mata. Matsala ɗaya ce, saurinta. Matar nan ba ta gudu, ba ta ko kaɗa hannu, ƙwarya ba ta motsi a kanta, amma kafin in yi taku uku ta sha kwana. Abin da ya cece ni shi ne tsayawar da take yi a ƙofar gidaje. Tana auna nono ina mayar da numfashi, ina yi kamar duba ginin mutane nake. In minti goma ya cika in juyo gida. Sati na biyu na kai sha biyar. Barci ya fara yi mini daɗi, hawa matakalar baranda ya daina zama aiki.

A sati na uku ne girman kai ya shige ni. Ran nan na juya zan koma sai ta ce, "Har kin gaji?" Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma ni da na shekara goma ina ba da umarni ban iya jin wannan ba. Na ce ban gaji ba, yau har inda take hawa mota zan kai ta. Muka bi lungu muka fita, muka hau wata 'yar jigawa, muka gangara, muka sake hawa wata. Rana ta ɗaga, zafin Minna ya fara aikinsa. Na daina iya amsa maganarta, amma ban tsaya ba. Mun haura awa guda muna tafe, daidai wani wurin buga bulo, turmin nan ya dawo ya zauna mini a ƙirji.

Wannan karon ban yi dariya ba. Na zauna a kan bulo, duniya ta yi mini nisa, ina jin ƙarar injin kamar daga cikin rijiya. Na tuna ban yi wa maigidana sallama ba da zan fito, don yana banɗaki. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Bafulatanar ta sauke ƙwaryarta a ƙasa, abin da ban taɓa gani ta yi a kan hanya ba. Na nuna mata bakin zanina, ta kwance ta ciro ƙwayar ta sa mini a ƙarƙashin harshe. Ta cire faifan da ke rufe da nono tana yi mini fifita, tana salati, tana faɗa da masu buga bulo da Fulatanci su kashe injin. Ƙuda suka samu nono a buɗe, ba ta ko kalle su ba.

A hankali nauyin ya saki. Ta fita bakin hanya neman keke. Ni da keke ke damuna kullum, ran nan sai da muka daɗe kafin ɗaya ya ɓullo, kuma direban bai san ni ba, bai san wata Malama ba. Ita ta shiga tare da ni har asibiti.

Likitar ta auna ni, ta sa aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini. Da ta tabbatar ba sabuwar ɓarna, sai ta cire tabarau ta ajiye a tebur.

"Malama, minti nawa na ce?"

Na ce, "Goma, ana ƙarawa."

"Nawa kika yi?"

Na dubi ƙasa.

"Cewa na yi ki yi tafiya, ban ce ki yi tsere da mai nono ba. Zuciyar da hanyarta ta tsuke ba a yi mata lodi farat ɗaya. Kuma wahala mai yawa a lokaci guda ita ma tayar da masu tsaron nan take yi, kumburin da muke son kwantarwa ta ƙara hura shi. Amfanin yana cikin kaɗan ɗin da ake yi kullum, jiki na sabawa. Kin ji ko?"

"Na ji."

"Za ki sake?"

"Ba zan sake ba."

Maigidana yana tsaye a bakin ƙofa, an kira shi ya zo a firgice. Da ya ji wannan amsa tawa sai ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya ce tun da ya aure ni bai taɓa jin na faɗi waɗannan kalmomi ba.

Na huta kwana biyar, sannan na koma daga farko. Bafulatanar ta kafa mini doka da kanta. Akwai wani gida mai koren ƙyaure, ta ce daga nan ba zan wuce ba sai likita ta ce. In mun iso sai ta tsaya, ba za ta ɗaga ƙafa ba sai ta ga na juya. Bayan sati biyu ta matsar da iyakar zuwa wata bishiyar darbejiya, daga baya zuwa wani famfon tuƙa-tuƙa. Ta kuma rage sauri saboda ni, ko da yake ta ce jan ƙafa irin nawa ya fi gajiyar da ita. A hanya ta riƙa ba ni labarin shanunsu ɗaya bayan ɗaya, wadda ke da taurin kai da wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ita. Da haka nake gane ko na yi sauri da yawa, in na kasa yi mata tambaya to in rage.

Wata biyar bayan nan aka sake gwajin jini. Likitar ta ce kumburin ya sauka sosai, hawan jinin da aka gano ina da shi ma ya daidaita. Na tambaye ta wanne ya yi aikin, maganin ko tafiyar. Ta ce ba za ta iya raba su ba, kuma kada in kuskura in bar ɗaya don in gane. Jijiyar ba ta koma sabuwa ba, ta ce, amma faɗan da ke cikinta ya lafa. Maƙwabciyata da ta raka ni ran nan ta ce tunda an zo a auna ta ita ma, don ta nuna wa likita yadda lafiya take. Aka auna, aka samu jininta ya fi nawa hawa. Ta fito tana cewa na'urar ce ba ta son Nufawa. Amma ba a yi sati ba na gan ta a ƙofarmu da sassafe, tire a ka, silifas a ƙafa, wai dama tana so ta gwada tallan kifi a lungu.

Da rani ya tsananta, Bafulatanar ta zo ta ce mini za su tashi da shanu neman ruwa da ciyawa, sai damina. Ta kawo mini man shanu a 'yar kwalba, na karɓa na yi godiya, ban gaya mata an hana ni ba. Ni da maƙwabciyata muka raka ta ran nan har famfon tuƙa-tuƙa, na tsaya da kaina ba tare da ta ce ba. Ta gyara ƙwaryarta, ta ce in gaishe da mai gida, ta saki ƙafa irin tafiyarta ta ainihi. Sai a lokacin na ga irin haƙurin da ta yi da ni duk watannin nan. Na tsaya ina kallonta har ta sha kwana, sannan muka juyo da maƙwabciyata, tana mitar cewa mutanen wannan lungu ba su san kifi mai kyau ba.